Trans Europ Express: muhawara kan jirgin ƙasan Turai da ba shi da aji na biyu

Malamin Tarihi:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Makon jiya da muke tattauna batun jiragen ƙasa masu tsallake iyakokin ƙasashe, na yi alkawarin kawo tarihin jiragen da Turawan Yamma suka kira Trans Europ Express, ko TEE a taƙaice. Ga shi na cika, kuma ina roƙon masana su gyara mini duk inda na karkace.

An fara wannan sufuri ranar 2 ga Yunin 1957, watanni kaɗan bayan sa hannu a kan Yarjejeniyar Roma wadda ta kafa kasuwar bai-ɗaya ta ƙasashe shida na Yammacin Turai. Wanda ya kawo shawarar shi ne F. Q. den Hollander, shugaban hukumar jiragen ƙasa ta Holan, wanda tun farkon shekarun 1950 ya lura cewa jirgin sama da mota sun fara janye manyan fasinjoji daga dogo, wato 'yan kasuwa da jami'an gwamnati da shugabannin masana'antu. Dalilin kuwa a fili yake. A wancan lokaci idan jirgi ya iso iyaka sai ya tsaya, a kwance injin da ya jawo shi a ɗaura na ƙasar da za a shiga, ma'aikatan kwastan su bi kaya, 'yan shige da fice su bi fasfo, fasinja yana zaune yana kallon agogo. Tafiyar da za ta ratsa ƙasashe uku tana nufin irin wannan zaman jira sau biyu.

Hukumomin reluwe na Jamus ta Yamma da Faransa da Italiya da Suwizalan da Holan ne suka samar da jiragen farko, kuma suka amince da wasu sharuɗɗa. Jirgin zai kasance na rana, zai haɗa manyan birane na ƙasashe dabam-dabam, za a fente shi da ja da ruwan madara, za a ba da abinci a cikinsa, jami'an iyaka za su shiga su yi aikinsu yana tafiya, kuma aji na ɗaya kaɗai zai ɗauka, tare da ƙarin kuɗi a kan tikitin. An tsara jadawalin yadda mutum zai bar gida da safe, ya yi taronsa a wata ƙasa da rana, ya kwana a gidansa. Kowane jirgi da sunansa: Edelweiss daga Amsterdam zuwa Zurich ta Brussels da Luxembourg da Strasbourg, Étoile du Nord tsakanin Paris da Amsterdam, Helvetia daga Hamburg zuwa Zurich, Mediolanum tsakanin Munich da Milan, da sauransu. A shekarar 1974, lokacin da abin ya kai ƙololuwa, jirage 45 ne suke haɗa birane kusan 130, daga Sifaniya zuwa Ostiriya, daga Denmak zuwa kudancin Italiya.

Ra'ayina, wanda nake so mu tattauna a kai, shi ne cewa babban abin da TEE ya yi shi ne kawar da tsayuwar iyaka. Shekara goma sha biyu kacal bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda yawancin waɗannan ƙasashe suka kashe juna a cikinsa, ma'aikatan kwastan ɗinsu suka yarda su hau jirgi su yi aiki yana gudu a ƙasar maƙwabta. Kujeru masu laushi da abinci mai daɗi an san su a dogon Turai tun kafin wannan, amma wannan yarda da juna sabon abu ne a irin wannan faɗi.

Hajiya Malamar Makaranta:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da wannan bayani. Sai dai ina da ja a kan inda ka ajiye nauyin maganar, domin ka ambaci batun aji na ɗaya ka wuce shi da sauri, alhali a wurina nan ne zuciyar tarihin take.

An kawar da tsayuwar iyaka, amma an kawar da ita ga wa? A daidai shekarun da TEE yake tashe, mutanen da suka fi kowa tsallake iyakokin Turai a jirgin ƙasa su ne leburorin da suka bar gida neman abinci. Jamus ta Yamma ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Italiya a 1955, da Sifaniya da Girka a 1960, da Turkiyya a 1961. Waɗannan bayin Allah su ne suka cika masana'antun da masu hawa TEE suke shugabanta, kuma idan za su je ganin iyali sai su hau jiragen gama-gari masu tsayawa tasha-tasha, su kwana a zaune da akwatunansu, su yi jiran iyakar nan da kake cewa an kawar. Mediolanum yana bin hanyar Brenner tsakanin Munich da Milan, su ma ta kan dutsen nan suke bi, amma ba a jirgi ɗaya ba.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a lura da shi. A 1956, shekara ɗaya kafin a fara TEE, yawancin hukumomin reluwe na Turai suka soke aji na uku, aka koma aji biyu. Wato a lokacin da ake rage tazarar da ke tsakanin talaka da mai hali a cikin jirgi, sai aka ƙirƙiro wani jirgi na musamman wanda talaka ba shi da ƙofar shiga ko kaɗan. Ba na musun cewa aikin injiniyoyin abin yabo ne. Abin da nake cewa shi ne, hukumomin nan na gwamnati ne, da dukiyar jama'a aka gina dogon, saboda haka ware jirgi mafi sauri ga masu kuɗi kaɗai hukunci ne da ya kamata a tuhume shi.

Injiniyan Lantarki:

Malam da Hajiya, ku ba ni dama in shigo da ɓangaren da na fi sani, domin ina ganin zai taimaka wajen fahimtar dalilin da ya sa jiragen farko suka kasance ƙanana kuma masu tsada.

Babbar matsalar da den Hollander ya tarar ita ce wutar lantarki. Kowace ƙasa ta sa wa dogonta lantarki a lokacinta kuma bisa tsarinta, ba tare da tunanin maƙwabta ba. Holan tana amfani da volt 1,500 na wutar da ke gudana ta fuska ɗaya. Beljiyam da Italiya volt 3,000 na irin wannan wuta. Jamus da Suwizalan da Ostiriya volt 15,000 na wuta mai kai-komo. Faransa ita kaɗai tsari biyu gare ta, volt 1,500 a layukan kudu da volt 25,000 mai kai-komo a arewa da gabas. Ga kuma dogayen layuka da ba a riga an kai musu waya ba sam. Injin lantarkin da aka ƙera domin Holan idan ya isa iyakar Jamus aikinsa ya ƙare.

Shi ya sa dukkan jiragen TEE na 1957 da dizal suke tafiya, kuma an ƙera su a dunƙule, inji da taragai abu guda, ba a kwance wani a ɗaura wani. Jamus ta fito da VT 11.5, mai dogon hancin nan da ya zama tambarin TEE a idon mutane da yawa. Holan da Suwizalan suka haɗa hannu suka ƙera guda biyar iri ɗaya, uku na Holan biyu na Suwizalan, injin daga kamfanin Werkspoor, taragan daga kamfanin SIG. Italiya ta sa kamfanin Breda ya ƙera mata nata, Faransa kuma ta gyara wani samfurin da take da shi. Gudunsu yana kai kilomita 140 a awa. To irin wannan jirgi taragansa ƙidayayyu ne, kujeru uku kawai a kowane layi, kuma idan fasinjoji sun yi yawa ba ka da damar ƙara tarago yadda kake so. Mai kujeru kaɗan kuwa dole ya sayar da su da tsada kafin ya mayar da kuɗinsa.

Abin da ni nake ɗauka a matsayin gwanintar wannan tarihi ya zo ne a 1961, lokacin da Suwizalan ta fito da RAe TEE II, jirgin lantarki mai iya shan dukkan wutar nan huɗu. A kan rufinsa akwai hannuwan ƙarfe huɗu masu shafar waya, domin faɗin da kowace ƙasa take buƙata ya bambanta. Shi ne ya riƙa yin Gottardo tsakanin Zurich da Milan, da kuma Cisalpin tsakanin Paris da Milan. A tafiyar Cisalpin ɗaya jirgin yana tashi daga Paris da volt 1,500, ya koma 25,000 daga Dole zuwa Vallorbe, ya ratsa Suwizalan da ramin Simplon, hanyar dogo da aka haƙa ta cikin dutse, da 15,000, sannan daga Domodossola ya shiga Milan da 3,000. Fasinja yana cin abincinsa, bai san an sauya wuta sau uku a saman kansa ba. Daga 1964 Faransa ma ta kawo injinan CC 40100 masu irin wannan baiwa a hanyar Paris da Brussels da Amsterdam.

Ɗalibar Jami'a:

Yaya Injiniya, na gode ƙwarai, na fahimci batun wuta. Amma Malam ya ce jiragen sun kai har Sifaniya, kuma na taɓa jin cewa faɗin dogon Sifaniya ya bambanta da na Faransa. Ta yaya jirgi ɗaya zai bi titi biyu masu faɗi dabam ba tare da an sauke fasinjoji ba?

Injiniyan Lantarki:

Ƙanwata, abin da kika ji gaskiya ne. Tazarar da ke tsakanin ƙarafunan dogo a Faransa da mafi yawan Turai milimita 1,435 ce, ta tsofaffin layukan Sifaniya kuwa 1,668. Saboda haka shekara da shekaru duk mai zuwa Basalona daga Faransa sai ya sauka a iyaka da kayansa ya hau wani jirgi. A 1969 aka fara Catalan Talgo tsakanin Janiba da Basalona, da taragan kamfanin Talgo na Sifaniya, waɗanda ƙafafunsu ba a haɗe suke da sandar ƙarfe guda ba, kowace ƙafa zaman kanta take yi. A garin Portbou da ke bakin iyaka aka kafa wata na'ura a kan titi. Jirgin yana bi ta kanta a hankali, sai nauyin tarago ya koma kan wasu ƙarafuna na gefe, makullin ƙafafun ya buɗe, a tura su ciki ko waje gwargwadon faɗin da ake so, sannan su sake kullewa, fasinjoji suna zaune a wurarensu. Inji kaɗai ake sauyawa. Wannan ya ƙarfafa maganar Malam, domin iyakar da ta fi kowace wuyar sha'ani, wadda ƙarfe ne ya gindaya ta, ita ma sunan TEE ne a jikin jirgin da ya tsallake ta.

Baba Tsohon Ɗalibi a Jamus:

'Ya'yana, na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban sa baki ba, amma wannan magana ta taɓo ƙuruciyata. Na yi karatu a Jamus ta Yamma a farkon shekarun 1970, kuma na sha tsayawa a babbar tashar Kolon, wadda take gindin babban cocin garin, ina jiran jirgina na gama-gari, sai Rheingold ya shigo da jansa da ruwan madararsa. Hajiya ta faɗi gaskiya, mu ɗalibai da ma'aikata baƙi kallo ne namu. Wanda ya hau shi ka san ko dai kamfani ne ya biya masa ko kuwa Allah ya hore masa.

Sau ɗaya tak na hau shi, a 1974, bayan na kammala jarrabawa, na tara kuɗin aikin hutu na ce sai na ga abin da ke ciki kafin in koma gida. Daga Kolon zuwa Mainz na yanki tikiti, domin nan ne jirgin yake bin gaɓar kogin Rhine, ta Bonn da Koblenz. Akwai wani tarago mai bene wanda samansa gilashi ne, ka hau matakala ka zauna kana ganin kogi da jiragen ruwa masu dakon kaya, da gonakin inabi a jikin duwatsu, da tsofaffin ganuwoyin sarakuna a kan tuddai, har dutsen nan da suke kira Loreley a ɗaya gaɓar. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shiru. Tagogin ba a buɗe su, na'ura ce take sanyaya wurin, ƙarar ƙarfe ba ta shigowa sosai, mutane suna magana ƙasa-ƙasa suna duba takardunsu. Ban shiga taragon abinci ba, kuɗina bai kai can ba. Shekara biyu bayan haka aka janye taragan gilashin daga wannan jirgi.

Ina so in ƙara wa Malam cewa Rheingold ya girmi TEE nesa ba kusa ba. A 1928 aka fara shi, daga Hoek van Holland, inda jiragen ruwa daga Ingila suke sauke fasinja, da kuma Amsterdam, zuwa Basel. Yaƙi ya tsayar da shi a 1939, aka dawo da shi a 1951, aka yi masa sababbin taragai a 1962, sannan ya shiga jerin TEE a 1965. Edelweiss ma a 1928 aka fara shi, yana bi ta Beljiyam da Faransa yana gasa da Rheingold a kan fasinjojin da ke zuwa Suwizalan. Étoile du Nord kuwa tun 1927 yake. Saboda haka da yawa daga sunayen nan gado ne daga zamanin jiragen alfarma na tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu.

Game da gardamar Malam da Hajiya, ni na tsaya a tsakiya ne ba don tsoron kowa ba. Na ga yadda abin yake cin rai idan kana tsaye a dandamali da jakarka, jirgi mafi sauri ya zo ya wuce da kujeru babu kowa a wasunsu. Na kuma zauna da tsofaffin Jamusawa da suka yi yaƙi a Faransa da Holan, waɗanda suke mamakin yadda 'ya'yansu suke zuwa Paris ko Amsterdam su dawo a yini ɗaya kamar sun je garin maƙwabta. Dukkan abubuwan biyu na gan su da idona.

Malamin Tarihi:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, wannan shaida ta fi abin da muke karantawa a takarda. Ambaton 1965 da ka yi ya kawo ni ga wani wuri da dole in rage ƙarfin maganata da kaina, domin gaskiya ta fi son rai.

Abin da den Hollander ya nema tun farko kamfani ɗaya ne na ƙasa da ƙasa, mai jiragensa iri ɗaya da ma'aikatansa. Hukumomin reluwe ba su yarda ba, kowace tana kishin ikonta da masana'antun ƙasarta, sai aka tsaya a kan suna ɗaya da launi ɗaya da sharuɗɗa ɗaya, kowa ya kawo jirginsa. Shi ya sa ingancin bai zo daidai ba, na Jamus da na haɗin Holan da Suwizalan suna da na'urar sanyaya ɗaki tun farko, na Faransa da Italiya na farko ba su da ita, alhali suna ɗauke da tambari ɗaya. Sannan a 1965 aka sassauta sharaɗin cewa dole jirgi ya tsallake iyaka. Daga nan manyan jiragen cikin gida suka shigo: Le Mistral daga Paris zuwa Marseille da Nice, wanda daga baya har shago da wurin gyaran gashi aka sa a cikinsa, da Rheinpfeil da Blauer Enzian a Jamus. Le Capitole na Paris zuwa Toulouse, wanda tun 1967 yake gudun kilomita 200 a awa a wani ɓangare na hanyarsa, ya shiga a 1970, Settebello na Milan zuwa Roma kuma a 1974.

To idan aka duba jirage 45 da na ambata, da yawansu ba su taɓa ganin jami'in kwastan ba. Wato daga tsakiyar shekarun 1960 sunan TEE ya fara komawa alamar alfarma kawai, manufar haɗa ƙasashe ta ja baya. A nan na ba Hajiya gaskiya. Amma ina nan a kan bakana game da shekaru takwas na farko, domin a lokacin ne aka gwada cewa jirgi zai iya ratsa iyaka ba tare da dogon jira ba, kuma da zarar an gwada abu ya yiwu, hana sauran jama'a shi yakan yi wuya.

Hajiya Malamar Makaranta:

Malam, na yaba da adalcinka. Amma ka duba tsawon lokacin da sauran jama'ar suka jira. Daga 1957 zuwa 1979 shekara ashirin da biyu ke nan. A 1979 ne hukumar jiragen ƙasa ta Jamus ta Yamma ta sake tsarin jiragenta na InterCity, waɗanda da su ma aji na ɗaya kaɗai suke ɗauka, ta sa musu aji na biyu, kuma ta sa su tashi kowace awa a manyan layuka. Nan take TEE ya fara rasa dalilin wanzuwarsa, domin ɗan kasuwar da ake tunanin yana son keɓewa ashe abin da ya fi so shi ne ya iso tasha ya san cewa cikin awa ɗaya akwai jirgi. Jirgin alfarma mai tashi sau ɗaya ko biyu a rana ba zai ja da wannan ba.

Faransa ta maimaita darasin a watan Satumban 1981 da ta buɗe layin TGV, jirginta mai tsananin gudu, tsakanin Paris da Lyon. Tafiyar da Le Mistral yake yi cikin kusan awa huɗu ta dawo awa biyu da minti 40, daga baya awa biyu cif da aka kammala layin a 1983, kuma jirgin yana ɗaukar aji biyu tun ranar farko. Le Mistral bai jima ba bayan haka. Abin da nake so mu gani shi ne, ba tausayin talaka ne ya sa hukumomin suka buɗe ƙofa ba, lissafi ne ya tilasta musu, domin manyan fasinjojin da aka gina TEE dominsu sun riga sun koma jirgin sama a dogayen hanyoyi, kuma rabin kujeru babu kowa ba ya biyan kuɗin hanya. Da sun yi wannan lissafi tun 1957, da ma'aikatan nan da na ambata sun huta da wahalar shekara ashirin.

Injiniyan Lantarki:

Hajiya, a kan jimlarki ta ƙarshe kaɗai nake da gyara. A 1957 ba su da kayan aikin da za su yi abin da aka yi a 1979. Jirgi mai taragai goma ko fiye, mai aji biyu, mai gudun kilomita 200 a awa, yana buƙatar injin lantarki mai ƙarfin gaske irin samfurin 103 na Jamus, wanda sai a farkon shekarun 1970 aka ƙera shi da yawa, yana kuma buƙatar a gama sa waya a manyan layuka. Ƙaramin jirgin dizal na 1957 ba zai ja wannan nauyi da wannan gudu ba. Ana iya cewa sun makara da wasu shekaru, wannan zan yarda, amma ba shekara ashirin ba.

Tunda tarihi muke yi, bai kamata mu tsallake ranar baƙin ciki ba. Ranar 9 ga Fabrairun 1971 jirgin Bavaria, wanda ya taso daga Munich zuwa Zurich, ya shiga wata kwana kusa da garin Aitrang da gudun da ya zarce ƙa'ida, ya kauce daga titi, sannan wani ƙaramin jirgin fasinja da ya taho ta ɗaya layin ya afka wa tarkacen. Mutum 28 suka rasu. Jirgin ɗaya ne daga cikin biyar ɗin nan na haɗin Holan da Suwizalan, kuma bai sake aiki ba.

Alhaji Ɗan Kasuwa:

Salamu alaikum. Ni ba masanin tarihi ba ne, fatauci nake yi tsakanin Katsina da Maraɗi, kuma abin da ya sa na bi wannan muhawara daga farko shi ne layin dogon da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Faɗinsa milimita 1,435 ne kamar na Abuja zuwa Kaduna, ba irin tsohon dogonmu mai 1,067 ba, kuma tunda titi ɗaya ne zai shiga Nijar, matsalar Portbou da Injiniya ya bayyana ba za ta taso a iyaka ba. Abin da zai taso shi ne wanda Malam ya fara da shi. Duk wanda ya saba tsallake iyaka da kaya ya san cewa tafiyar ba ta cin lokaci kamar tsayuwar. Idan jirgi zai zo Jibiya ya tsaya awa biyu ana duba takardu da kaya, to saurin da aka kashe kuɗi dominsa ya tafi a banza. Don haka tambayata ga Malam ita ce, shin wannan tsari na duba fasfo jirgi yana tafiya ya mutu ne tare da TEE, ko kuwa an ci gaba da shi a jiragen da suka gaje shi?

Malamin Tarihi:

Wa alaikumus salam, Alhaji. An ci gaba da shi. Ranar 31 ga Mayun 1987 hukumomin reluwe na Yammacin Turai suka ƙaddamar da EuroCity, jiragen ƙasa da ƙasa masu aji na ɗaya da na biyu, kuma cikin sharuɗɗan da aka gindaya musu akwai taƙaita tsayuwa a tasha, da ba da abinci, da gudanar da binciken iyaka a cikin jirgi duk inda hakan zai yiwu. Kusan sharuɗɗan TEE ne aka ɗauko aka buɗe wa kowa. Rheingold ya yi tafiyarsa ta ƙarshe kwana ɗaya kafin wannan rana, bayan shekara 59 da fara shi. Gottardo ya riƙe sunan TEE har watan Satumban 1988, shi ne na ƙarshe cikin masu tsallake iyaka na wancan zubi. Wasu na cikin gidan Faransa sun kai 1991. An farfaɗo da sunan a 1993 domin jiragen da ba sa tsayawa tsakanin Paris da Brussels, aka rufe shi a watan Mayun 1995, sannan Thalys, wani jirgi mai tsananin gudu, ya karɓi hanyar a 1996. A cikin 1995 ɗin nan ne kuma Yarjejeniyar Schengen, wadda aka sa wa hannu tun 1985, ta fara aiki, aka daina binciken fasfo na yau da kullum a tsakanin ƙasashen da suka shiga. A 2020 ministan sufuri na Jamus na lokacin, Andreas Scheuer, ya gabatar da shawarar sabon tsarin jiragen ƙasa da ƙasa, kuma sunan da ya zaɓa masa shi ne TEE 2.0.

Abin lura ga batun Jibiya shi ne, Turawan sun fara duba takardu a cikin jiragen TEE shekara 38 kafin su cire binciken iyaka. Ba su jira an zama ƙasa ɗaya ba, yarjejeniya ce tsakanin hukumomin kwastan da na shige da fice kan tashar da jami'i zai hau da wadda zai sauka, da irin ikon da yake da shi a tsakani. Fasinjan TEE dai jaka ɗaya yake riƙe da ita, ba buhunan kaya ba, don haka na fatake zai buƙaci nasa tsarin dabam.

Ɗalibar Jami'a:

Malam, na gode. Saura tambaya ɗaya ga Yaya Injiniya. Jiragen dizal biyar ɗin nan, ɗaya ya lalace a Aitrang, ina sauran huɗun suka shiga bayan an daina aiki da su a Turai?

Injiniyan Lantarki:

Sun tsallaka teku, ƙanwata. Bayan lantarki ya game manyan layuka aka ajiye su a tsakiyar shekarun 1970, sai hukumar jiragen ƙasa ta Ontario Northland a Kanada ta saye su, suka fara aiki a 1977 da sunan Northlander, daga Toronto zuwa garuruwan arewacin lardin Ontario. Injinan ba su jure tsananin sanyin can ba, bayan 'yan shekaru aka maye gurbinsu da injinan Amurka ta Arewa, amma taragan sun ci gaba da ɗaukar fasinja har farkon shekarun 1990. Daga baya masu kishin tarihin dogo suka dawo da wasu daga cikin taragan Turai. Suwizalan kuma ta adana ɗaya daga cikin RAe TEE II, ta mayar masa da jansa da ruwan madararsa, kuma akan fito da shi lokaci-lokaci domin tafiye-tafiye na musamman.